Motar Yayana Da Na Yi Wa Coge A Cikin Wasa

Assalamu alaikum ƴan'uwa na wannan gida. Admin don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su, domin garinmu Tawa da ka ce wane ɗan wane an gama gane ka. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a yi min dariya, don na san da kun ji maganar wasan kwamfuta ce wasu za su ce wannan bai da aikin yi. Wallahi da wasan ne kawai da ban dame ku ba, mutuncin yayana ne a ciki, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na jawo da hannuna.

Ni ma'aikaci ne a wani buro, wato ofis, aikina buga takardu da gyaran kwamfutocin da mutane suka cika da hotunan biki har suka daina motsi. Shekarun baya muka haɗa wani ɗan gurup, samari da magidanta, masu son wani wasa na sufuri. Ba irin wanda ake riƙe sitiyari ana sheƙa gudu ba ne, a'a, kamfani ake ba ka, ka shimfiɗa hanya, ka gina tasha, ka sayi motoci ka tsara inda kowace za ta tsaya. In ka iya kamfaninka ya bunƙasa, in ba ka iya ba lambobinka su yi ja wasan ya rufe maka kamfanin. Abin da ya dame mu shi ne motocin ciki duk na ƙasashen Turawa ne, masu sheƙi, babu ko ɗaya da za ka kalla ka ce wannan za ta iya yashin hanyar Tebaram. Shi ne muka fara ƙera namu, motocin kasuwa, baburan haya na kabu-kabu, amalanken jaki, rumfar mai shayi a bakin tasha, har taswirar arewacin yankinmu na Adar muka zana da garuruwanta.

Bari in ɗan yi bayanin yadda ake yi, don a nan matsalar take. Duk abin da za a ƙara a wasan abu biyu yake buƙata. Akwai zanensa, akwai kuma ɗan rubutun da yake gaya wa wasan sunan abin, gudunsa, mutum nawa yake ɗauka, abin da yake ci a kowane kilomita, da shekarar da zai tsufa a daina sayar da shi. Sai a bi da su ta wata ƴar manhaja ta dunƙule su su zama fayil guda, a tara fayilolin wuri ɗaya, shi muke ce wa pak. Da farko kowa jefa nasa yake yi, sai aka fara rigima, wannan ya ba motarsa gudun jirgi, wancan ya sa wa tasa sunan da wani ya riga ya sa sai ɗaya ta danne ɗaya ta ɓace. Daga ƙarshe aka ce a ba mutum ɗaya riƙon pak, kowa ya kawo masa, shi zai duba lambobi ya harhaɗa ya raba. Ni aka zaɓa, wai don ba ni da sani ba ni da sabo. Kuma gaskiya na yi ta baza iko, akwai abokina da na cire wa bas don ya ƙara mata kujeru, ban tsaya nan ba sai da na sa hoton lambobinsa a gurup na rubuta wa'azi a ƙasa, har yau in na tuna wa'azin nan sai in ji kamar in nutse.

Yayana, zan kira shi Yaya Illo, direba ne, shekaru masu yawa yana layin Tawa zuwa Takanamat har Tebaram da wata tsohuwar farar bas da ake ce wa Ƴar Adar. Ya girme ni sosai, shi ya tsaya min har na gama lakol, wato makaranta, bayan rasuwar mahaifinmu. Bara hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, motar kuma aka sayar da ita wajen magani. Alhamdulillahi bakinsa ya dawo, ƙafar ma tana ɗan ɗaukarsa da sanda, amma mutumin da muka sani bai dawo ba. Yaya mutum ne mai zafin kai, a duniya ba abin da ya tsana irin a tausaya masa. Masu zuwa dubiya su shigo suna Allah sarki, Allah sarki, sai ya juya fuska bango, daga baya ma ya ce wa matarsa Zara duk wanda ya zo ta ce barci yake. In ka ɗebe zuwa likita, ko zaure ya daina fita.

To a gurup ɗinmu akwai Asumane, shi ne gwanin zanenmu, kuma shi ya kafa gurup ɗin. Na ba shi wani tsohon hoton Ƴar Adar ya zana ta, ta fito kamar ka buɗe ƙofa ka shiga, har da ƙarfen ɗaura kaya a sama. Ni kuma na rubuta mata lambobinta na gaskiya, sai da na je tasha na tambayi direbobi abin da irinta take sha. Sai ta zama ita ce mafi lalacewa a pak ɗin gaba ɗaya, ga shan mai, ga rashin gudu, ga kujeru kaɗan, kowa yana sayen guda ne don kwalliya ya ajiye. Ran nan na ɗauki kwamfuta na je na nuna wa Yaya, niyyata kawai ya gani ya ji daɗi. Ya daɗe yana kallon ta tana tafiya a kan allo, can sai ya ce ba mu sa lotsawar ƙofar baya ba. Wannan ita ce doguwar maganar da ya yi min tun kwanciyarsa. Na sa Asumane ya ƙara lotsawar, na ba Yaya tsohuwar kwamfutata, na koya masa da hannun hagu.

Ya kama wasan kuwa, amma irin kamun da ya ga dama. Ya ƙi sayen kowace mota sai Ƴar Adar, ita ɗin dai, goma ma in zai saya irinta ce. Kuma duk ƴar rugar da ya gani a taswira sai ya yi mata tasha, ko mutum ɗaya ne a ciki, wai ba a wuce mutum a bakin hanya. Na yi masa bayani har na gaji cewa wasan ba ya lissafa lada, bai saurare ni ba. Kamfanin ya rushe, muka sake sabo ya rushe, muka sake. Ranar da na ƙarshe ya rushe ina zaune kusa da shi, lambobin suka yi ja, rubutu ya fito, bai ma jira na fassara masa ba ya rufe kwamfutar ya tura min ita. Ya ce, "Ɗauki abinka, ashe ko na ƙarya ban iyawa." Ya kwanta ya juya bango. Na fito tsakar gida na tarar da Zara tana hawaye a bakin murhu, don ta ji.

Washegari da aka fita cin abinci a buro ni ban fita ba. Na buɗe rubutun Ƴar Adar, na sassabe abin da take ci har ya koma kusan babu, na cusa mata kujerun da ko babbar bas ba ta da su, na goge shekarar tsufanta, na dunƙule. Sunan bai canza ba, zanen bai canza ba, in ka gan ta a hanya ba za ka taɓa sani ba. Na yi pak na biyu don shi kaɗai, na kai na zuba masa, na ce an sabunta wasan ne ya sake gwadawa sau ɗaya saboda ni. Lambobin suna nan a fili in an buɗe garejin wasan, amma da Faransanci suke kuma ƙanana, shi kuwa Yaya bai yi boko ba, launi yake bi, in ba ja ya gani ba to lafiya lau. A lokacin wallahi ban ji na yi laifi ba, har wani daɗi na ji kamar wanda ya yi sadaka a ɓoye.

Kuma abin ya yi aiki fiye da yadda na zata. Kamfaninsa ya cika taswira, farar bas ko'ina kamar tumaki ranar kasuwa. Ya fara tashi zaune da kansa, ya fara cin abinci, Zara ta ce har faɗa ya dawo yi mata a kan gishiri, kuma ita murna take da faɗan. Wata rana na shiga na ga ya ɗora hannun daman nan a kan linzamin kwamfuta yana tura shi da na hagu, mai yi masa gashin jiki a likita, wato asibiti, ma ta ce yatsun sun fara amsawa. In na je sai ya zaunar da ni yana koya min sana'a, yadda ake jera tashoshi, dalilin da ya sa motar safe take fin ta rana, ni kuma ina gyaɗa kai ina cewa haka ne Yaya. A nan ne abin ya fara ci na, domin duk lokacin da ya yi dariya sai in ji kamar na sa hannu a aljihunsa. Amma na ce ai tsakanina da shi ne, ba wanda aka cuta, na bar shi a haka.

Ashe Asumane zai je gaishe shi ba tare da ya gaya min ba, kuma ranar Yaya ya yarda a shigo. Ya tarar da shi a kan wasan, ya leƙa allo, ya ga kamfani ya yi ƙiba da Ƴar Adar zalla. Asumane da kansa ya ba ni labari, yana rawar jiki, wai ya ce masa, "Yaya, wagga mota ba wanda ba ta kashe ba cikinmu, ƙaƙa kay yi?" Shi kuma ya amsa masa, "Ku yara lamba kuka bi, ni mutane nika bi." Asumane bai buɗe gareji ya duba ba, me zai sa ya duba, pak daga hannuna ya fito. Kafin yamma labari ya cika gurup, an sa masa suna Direban Direbobi. Wasu suka gwada dabararsa ta tsayawa a kowace ruga, kamfanoninsu suka rushe, sai suka ce lallai tsohon yana ɓoye wani sirri. Ni ina karantawa ina tura alamar dariya.

To dama mun daɗe muna shirin wasan haɗaka, wato kowa ya zo da kwamfutarsa fadarmu ta shayi, a shiga taswira ɗaya, kowa da kamfaninsa a ga wanda zai fi. Asumane ya gayyaci Yaya, shi kuma ya amsa nan take, mutumin da ko zaure ba ya fita. Ga inda gizo yake saƙar, a wasan haɗaka dole pak ɗin kowa ya zama iri ɗaya sak, wasan da kansa yake gwadawa, ko lamba ɗaya ta bambanta ba zai bar ka ka shiga ba. Ke nan ranar ba zancen pak biyu, Ƴar Adar guda ce za ta shiga, ko ta gaskiya ko ta cogen. Na riga na sa an ɗaga ranar sau ɗaya, na ce wani fayil ya lalace ina gyara, ƙarya ce, lafiyarsa ƙalau. Yanzu an tsayar da Asabar mai zuwa bayan la'asar, kuma Asumane ya fara tambayata ko in turo masa ya taya ni dubawa.

Na juya abin ta kowace fuska. In na sa ta gaskiya na yi shiru, Yaya zai zauna a gaban yaran da suke ce masa Direban Direbobi, ya jera tashoshinsa yadda ya saba, lambobi su yi ja tun ba a sauke shayi na biyu ba, kuma ba zai san dalili ba, zai ɗauka kansa ne ya sake taɓuwa. In na cusa ta cogen a pak ɗin kowa, na ci amanar mutanen da suka ba ni riƙo, kuma ba ma za ta ɓoyu ba, don su suna karanta lambobi, mutum ɗaya ya buɗe gareji ya ga tsohuwar bas tana ɗaukar mutanen ƙauye guda shi ke nan, a gabansa za a yi tonon. Na yi tunanin in kira Asumane in gaya masa komai, su haɗa baki su bar Yaya ya ci. Amma mutum ne da tausayin mutum ɗaya ma yake ƙona shi, sai in tara masa fada guda suna kallonsa suna danne dariya ko hawaye, kuma a cikinmu akwai waɗanda bakinsu ba ya riƙe ruwa, musamman wanda na yi wa wa'azi. Garin Tawa ne, kafin sati maganar ta isa tasha wurin tsofaffin abokan aikinsa.

Da abin ya ishe ni na samu Zara a tsakar gida na faɗa mata. Tsakanina da ita wasa ne kullum, irin na ƙanin miji, amma ranar ba wasa. Da farko ma ba ta gane ba, da ta gane sai ta ce ita ba ruwanta da wata lamba, ita dai ta san mijinta yana cin tuwo yanzu, in ƙarya ce ta tashe shi to Allah ya yi wa ƙaryar albarka. Na ce mata ai ranar Asabar abin zai fashe ko na so ko ban so ba, gara ya ji daga bakina. Ta ce in na kuskura na gaya masa ba ni ba ita, in san yadda zan yi in rushe taron, in ce kwamfutar ta ƙone, in ce komai. Na ce yau na rushe gobe fa, ta ce goben ma in rushe. Har muka ɗaga murya, na ce mata so take in yi ta yi wa yayana ƙarya har mutuwa, ita kuma ta ce ai ba ita ta aike ni ba tun farko. Ta rufe da cewa, "Kai kaɗ ɗaura, kai ka kwancewa, amma in yak koma kwance ban yahe maka ba." Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ban ga laifinta ba.

Duk da haka shekaranjiya na yi ta maza na tafi da niyyar faɗa masa. Na tarar an kira wanzami ya yi masa aski, ya sa an fito da babbar rigarsa an ba wanki, yana ta kai da kawo da sanda daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, wai yana gwada ƙafa don kada a riƙe shi ranar. Ya ce in samo kabu-kabu mai hankali wanda ba ya gudu. Na zauna, na ce Yaya akwai maganar da nake so mu yi a kan wasan nan. Ya ce shi ma akwai wadda yake so ya yi min, in bari ya riga ni tunda shi ne babba. Ya zauna yana haki, ya ce, "Tun da ciwon ga yas same ni, kowa yash shigo dubana shikai awa gawa, har Zara. Kai ɗai ne ba ka yi mani haka ba. Ka aza mani abu gabana, kac ce in yi, in na iya in iya, in na hwaɗi in hwaɗi. Shi yas sa nit tashi." Sannan ya ce to mece ce tawa maganar. Na ce dama batun caja ne, kada a manta da ita ranar Asabar.

Na fito ban san ta inda na bi na isa gida ba. Ni da yake ganin ni kaɗai ne ban tausaya masa ba, ni na fi kowa, sauran ma a fuskarsa suka yi, ni ta bayan gida na bi. Kunya nake ji da tsoro, kuma ban san wanne ya fi ba. Wani lokaci in ce ai niyyata alheri ce, sai in tuna ban taɓa tambayarsa ba ko yana son irin wannan alherin, ni na yanke masa hukuncin cewa ba zai iya ba, alhali wataƙila da na daure na bar shi ya sake faɗuwa da ya koyi wasan na gaskiya.

Don Allah ƴan'uwa, musamman waɗanda suka taɓa jinyar babba mai zuciya, da malamai na cikinmu, ku duba min. In gaya masa kafin Asabar, in karɓi duk abin da zai biyo baya, ko da zai koma bango ya daina yi min magana? In gaya wa Asumane shi kaɗai mu san dabarar da za mu yi? Ko in bi maganar Zara in yi ta rushe taro har Allah ya ƙara masa ƙarfin da zai iya jin gaskiya, in akwai irin wannan ranar? Masu zagi ku zaga, na cancanta, amma bayan zagin a ba ni mafita. Ɗazu da rana ya kira ni a waya, ba wata magana ba ce, so yake in tambayi Asumane ko za a yarda ya zo da abokinsa ɗaya daga tasha ya kalla.